Malam, hoton da ka ɗauko a intanet na waye?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filin tambaya da amsa. Wannan karon malaman makaranta ne suka cika mana akwati, kuma kusan duk tambayoyin abu ɗaya suke zagayawa, wato kayan da ake ɗaukowa a intanet a koyar da su, wanne ne halak wanne ne ba halak ba. Na zaɓi guda shida, wasu na ɗan taƙaita su saboda fili.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamar bayoloji ce a sakandare, kullum in zan haɗa darasi sai in shiga Google in ɗauko hotuna, na zuciya, na ƙwayar halitta da sauransu in saka a silaid ɗina, kuma a ƙasan kowane hoto ina rubuta cewa daga Google na samo. To shine wani abokin aikina yace wai sata nake yi. Abun ya dameni wallahi, dan Allah da gaske ne? Daga wata malamar bayoloji.

AMSA: Malama ki kwantar da hankalinki, abokin aikin naki ya ɗan tsananta, amma fa akwai gyara a abinda kike yi. Farko dai Google bashi da hoton nan, shi ɗan jagora ne kawai, ya nuna miki inda hoton yake. Rubuta "daga Google" kamar mutum ne ya ari littafi a laburare sai aka tambaye shi waye ya rubuta yace ai mai gadin ƙofa ne. Ki danna hoton ki shiga shafin da ya fito, ki duba sunan wanda ya zana ko ya ɗauka ko hukumar da ta wallafa, shi zaki rubuta.

Na biyu, mutane da yawa suna ɗauka duk abinda ke intanet tsintuwa ce, in dai babu alamar © a jiki to banza ta faɗi. Ba haka bane. Tun 1886 aka ƙulla yarjejeniyar Berne a ƙasar Suwizalan, yanzu ƙasashe sama da 180 ne a ciki, kuma abinda ta ƙunsa shine da zarar mutum ya rubuta abu ko ya zana ko ya ɗauki hoto to haƙƙin mallaka ya hau kai nan take, ba sai yayi rajista ba, ba sai ya saka wata alama ba. Haƙƙin kuma yana nan duk tsawon rayuwarsa da ƙarin aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, a Amurka da Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ma shekara 70 ne. Kinga kenan kusan duk hoton da kika gani yana da mai shi.

To amma ita wannan yarjejeniyar ta bar wa malamai ƙofa, ta yarda ƙasashe su halasta amfani da aikin wani domin bada misali a koyarwa, da sharaɗin kada a wuce gwargwadon buƙata kuma a ambaci mai shi. Amurkawa nasu tsarin suna ce masa feya yus, wato amfani bisa adalci, yana sashe na 107 na dokarsu ta 1976, kuma abu huɗu alƙali yake aunawa. Yana duba me yasa kika ɗauka, koyarwa ce ko neman kuɗi, kuma kin ƙara wani abu naki kamar sharhi ko bayani ko kuwa kin kwafe ne kawai. Yana duba wane irin aiki ne, domin bayanin kimiyya yafi waƙa ko fim sauƙin ɗauka. Yana duba yawan abinda kika ɗiba. Sai na ƙarshe wanda a ganina shine yafi saurin nuna wa mutum gaskiya ko babu lauya a kusa, shin abinda kikayi zai sa mai kayan yayi asarar ciniki? Ingila da Kanada da Indiya kuma nasu ya ɗan fi ƙunci, sun lissafa dalilan da aka yarda dasu ne ɗaya bayan ɗaya, Kanada sai a 2012 ta ƙara ilimi a cikin jerin nata.

Hoton zuciya guda ɗaya da kika haska wa yara a aji kina nuna musu inda jini ke shiga da inda yake fita, wannan shine ainihin abinda aka buɗe ƙofar dominsa, babu wanda ya rasa ko sisi. Inda zance yake canzawa shine ranar da kika ɗauki silaid ɗin nan kika ɗora a shafin makaranta da kowa ke gani, ko a Facebook, ko kika buga shi a littafin sayarwa, nan kin fita daga aji kin shiga kasuwa. In kina so ki huta gaba ɗaya, a wajen binciken hotuna na Google ɗin akwai inda ake tacewa a nuna miki masu lasisin Creative Commons kaɗai, wato waɗanda masu su suka bada izinin amfani dasu tun farko, ko ki wuce Wikimedia Commons kai tsaye, can kowane hoto da sunan mai shi da sharaɗinsa a rubuce a ƙasa.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni lakcara ne, littafin da kwas ɗina ya dogara dashi yayi tsada sosai, ɗalibaina ba zasu iya saya ba, sai na samu PDF ɗinsa na tura musu a guruf ɗinmu na WhatsApp. Naji ance in kashi 10 cikin 100 ne babu laifi, to ni kuma dukka na tura amma ai ba sayarwa nayi ba, taimako ne. Ya abin yake? Daga wani lakcara.

AMSA: Malam na fahimci zuciyarka sarai, babu malamin kirki da zai ga ɗalibi ya zo aji hannu rabbana saboda tsadar littafi abin bai taɓa shi ba. Amma gaskiya ɗaya ce, tura littafi sukutum wanda har yanzu ana sayar dashi, ga mutanen da dama sune aka rubuta shi domin su saya, wannan da wuya ya tsallake a kowace irin doka, domin ka ɗauke dukka kuma ka tsaya daidai a inda cinikin mai shi yake. Cewa baka karɓi kuɗi ba yana rage nauyi ne kawai, baya wankewa. Kuma ka san halin WhatsApp, abinda ka tura wa mutum arba'in yau gobe yana wayar mutum dubu.

Zancen kashi 10 ɗin nan kuwa ina so mu tsaya a kai tunda ya yaɗu sosai tsakanin malamai. Akwai inda ya samo asali, a 1976 mawallafa da wakilan malamai a Amurka sun zauna sun fitar da wani jagora na fotokofi a aji, a ciki aka ambaci kalmomi 1,000 ko kashi 10 na rubutun zube, da waƙar da bata kai kalma 250 ba. Jagora ne, ba shine dokar ba, an yi shi ne domin a nuna iyakar da in ka tsaya a cikinta hankalinka kwance. Wasu jami'o'in da wasu lasisin fotokofi suma suna da irin nasu kason. Alƙali kuwa ba da ma'auni yake zama ba. A 1985 kotun ƙolin Amurka ta samu mujallar The Nation da laifi akan kalmomi kamar 300 kacal da ta kwaso daga littafin tarihin rayuwar tsohon shugaba Gerald Ford tun kafin ya fito, littafi guda fa, kalma 300, sai dai kalmomin nan sune ƙashin bayan littafin, inda yake bayanin afuwar da yayi wa Nixon, shugaban da ya gada. Ɗan hakin da ka raina kenan.

Su kansu kotuna basu tafi a layi ɗaya ba akan kayan karatun ɗalibai. A 1991 wata kotu a Niyok ta ci kamfanin fotokofi na Kinko's tarar dala 510,000 saboda yana haɗa babi-babi daga littattafai yana sayar wa ɗalibai ba izini. A Indiya kuma aka sha bamban, a 2012 mawallafa uku manya, na Oxford da na Cambridge da Taylor & Francis, suka maka Jami'ar Delhi da wani ɗan shagon fotokofi dake cikinta a kotu akan irin wannan aikin, a 2016 babbar kotun Delhi tace dokar Indiya ta halasta kwafa a cikin sha'anin koyarwa, a 2017 mawallafan suka janye ƙarar. Ni wannan hukuncin na Delhi yana min daɗi, ba zan ɓoye ba, domin ya kalli ɗalibi talaka. Amma ka lura ko a can ɗin ba littafi ɗaya aka kwafe daga bango zuwa bango ba, sassa ne malami ya zaɓo daidai da manhajarsa. Ka nemi sashen koyarwa a dokar ƙasarka ka karanta, yawanci baya wuce shafi ɗaya ko biyu.

Shawarata ka cire fayil ɗin daga guruf, ka zaɓi babin da babu makawa sai an karanta ka basu shi da sunan marubuci da mawallafi a shafin farko, ka matsa wa laburare su sayi kwafi ko biyu a ajiye. Sannan ka leƙa OpenStax, na Jami'ar Rice ne a Amurka, tun 2012 suke fitar da cikakkun littattafan jami'a na bayoloji da fiziks da lissafi da tattalin arziki da sauransu, kyauta, an yarda ka sauke ka raba wa ɗalibanka. MIT OpenCourseWare, shafin jami'ar MIT ta Amurka, ma haka, lakcocinsu da tambayoyin jarrabawa suna nan a buɗe. Sau da yawa zaka tarar littafin kyautar ya ishi kwas ɗin.

TAMBAYA: Malam ya halatta in nuna bidiyon YouTube a aji? Kuma tunda intanet ɗinmu yana yankewa zan iya sauke shi in ɗora a tashar makarantarmu? Daga malamin jogorafi.

AMSA: Nunawa a aji kai tsaye daga YouTube, ko tura wa yara linki su kalla, babu kwafa a ciki, ka nuna musu hanya ne, mai bidiyon ma ƙaruwa yake da masu kallo. Ka dai tabbatar tashar ta mai abin ce, ba wani ne ya sato fim ya ɗora ba. Saukewa da irin manhajojin nan na gefe ya saɓa ƙa'idar YouTube ɗin, in zaka ajiye don kallo ba intanet kayi da maɓallin saukewa na cikin manhajarsu. Sake ɗorawa a tasharku kuwa kada ka soma, wannan wallafawa ce sabuwa, kuma suna da na'urar dake gano hakan, ana iya cire bidiyon har a rufe muku tashar in abin ya maimaitu. In kana buƙatarsa sosai ka rubuta wa mai shi, masu bidiyon ilimi da yawa suna cewa to.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na tattara bayanai daga shafuka daban-daban na intanet, wasu na fassara, wasu na canza kalmomin, na haɗa hendaut mai shafi 60 na buga da sunana ɗalibai suna saya. Wani yace min wannan satar fasaha ce, ni kuma naga ai wahala na sha wajen haɗawa, kuma ilimi ba na mutum ɗaya bane. Daga wani malamin kwaleji.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, ilimi ba na mutum ɗaya bane, doka ma ta yarda da haka. Babu wanda ya mallaki cewa ruwa yana tafasa a digiri 100 ko duniya tana zagaya rana, haƙƙin mallaka baya hawa kan ra'ayi ko bayanin gaskiya, yana hawa ne akan yadda mutum ya tsara maganarsa. In ka karanta shafi biyar ka fahimta ka rufe ka rubuta da bakinka da misalanka, rubutun naka ne. Amma bin sakin layin wani jimla bayan jimla kana musanya kalma, wannan rigarsa ce ka canza wa maɓalli, fassara kuma tana cikin abubuwan da yarjejeniyar Berne ta keɓe wa marubuci, sai da izininsa, ballantana ga sayarwa ta shigo.

Abu biyu ne a tambayarka kuma mutane suna cakuɗa su. Ɗaya shine an baka izini? Wannan zancen doka ne, tsakaninka da mai kaya. Ɗayan kuma shine ka faɗi na waye? Wannan zancen amana ne, tsakaninka da mai karatu. Kana iya rubuta sunan marubuci ɓaro-ɓaro amma ka keta haƙƙinsa, kamar lakcaran da ya tura PDF ɗin can a sama. Kana kuma iya kwafe rubutun wanda ya rasu shekara 300 da suka wuce, babu kotun da zata kama ka, amma in ka saka sunanka a kai kayi wa ɗalibanka ƙarya. Ambaton suna baya zama izini, izini kuma baya ɗauke maka ambaton suna.

Bari in baka labarin abinda ya taɓa samuna. Lokacin ina koyarwa na shafe wani dogon hutu ina rubuta bayanin darasi mai shafi goma sha biyu, da zanen da nayi da hannuna. Bayan kamar shekara biyu wata ɗaliba ta zo min da hendaut da ta saya a wata makarantar tace Malam ga wani mai kyau ka duba, na buɗe naga rubutuna ne, an cire sunana an saka na wani. Abinda ya tabbatar min shine a shafi na bakwai akwai wata kalma da na rubuta sau biyu a jere bisa kuskure, tana nan yadda take, har kibiyar da na zana ta ɗan karkace tana nan a karkace. Ba kuɗin ne ya min ciwo ba wallahi, yarinyar nan ce da ta tsaya tana kallona tana ƙoƙarin gane tsakanin mu biyun waye ya kwafi wani. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, sannan kuma kurar ce ake zargi.

Kuma abin baya ruɓewa. Annette Schavan tana ministar ilimi a Jamus, a 2013 Jami'ar Düsseldorf ta ƙwace digirinta na dakta akan kundin da ta rubuta tun 1980, kwanaki kaɗan bayan nan ta ajiye muƙami. Shekara 33 tsakani. Kafin ita a 2011 ministan tsaronsu Karl-Theodor zu Guttenberg haka ya sauka. A wancan zamanin sai an zauna an gwada littafi da littafi, yau kuwa ɗalibinka zai ɗauki jimla ɗaya daga hendaut ɗinka ya liƙa a Google a wayarsa kana tsaye a gaban allo, kuma kaine gobe zaka bashi sifili saboda ya kwafi asaimen. Ka koma kan shafi 60 ɗin nan, duk inda maganar wani ce kai tsaye ka taƙaita ta ka saka a cikin alamar zance da sunansa, inda ka fassara dogon abu ka nemi izini ko ka cire, sauran ka sake rubutawa da kanka, a bangon kuma in tattarawa kayi ka rubuta "wanda ya tattara". Wahalar tattarawa aiki ce ta gaske kuma babu kunya a kiranta da sunanta.

TAMBAYA: Malam ina ganin wasu haruffa a ƙasan hotuna kamar CC BY-NC, me suke nufi? Daga malamar firamare.

AMSA: Malama wannan izini ne mai kayan ya bayar tun kafin a roƙe shi. Creative Commons ƙungiya ce da aka kafa a Amurka a 2001, ta fitar da lasisinta na farko a ƙarshen 2002. BY yana nufin ki ɗauka amma ki ambaci mai shi, NC banda kasuwanci, ND kada ki raba shi bayan kin canza masa kama, SA kuma in kin gina wani abu a kai to naki ma ki sake shi da irin wannan lasisin, rubutun Wikipedia akan BY-SA yake. CC0 shine mai shi ya sallama gaba ɗaya. Wanda kika gani ɗin kenan zaki iya bugawa ki raba wa yara har ki fassara rubutun jikinsa, amma banda saka shi a littafin da zaki sayar. Wajen ambato layi ɗaya ya isa, sunan hoton, sunan mai shi, inda kika samo, da haruffan lasisin.

TAMBAYA: Wata ɗalibata 'yar aji uku ta rubuta waƙa mai kyau ƙwarai, ina so in saka a mujallar makaranta da shafinmu na Facebook, in kuma riƙa koyar da ita a wasu ajin. Tunda a ajina ta rubuta kuma nine na bada aikin, ai ba sai na tambaya ba ko? Daga malamin adabi.

AMSA: Sai ka tambaya Malam. Kai ka bada aikin amma ita ta rubuta, kuma haƙƙin mallaka baya duba shekaru, waƙar ta yarinyar ce kamar yadda littafin farfesa yake nasa. Tunda ƙarama ce iyayenta ma sai an sanar dasu, musamman zancen Facebook inda sunanta zai fita duniya, wasu iyayen zasu so a saka sunan farko kawai, wasu ma basa so sam, kuma ita kanta mai yiwuwa abinda ta rubuta ya shafi wani sirrin zuciyarta da bata so 'yan ajinsu su ji ana karantawa. Kada kuma ka gyara mata baiti ka buga ba tare da ta gani ba.

Ka kira ta bayan an tashi, ba a gaban aji ba, ka ce mata waƙarki ta burge ni, ina neman izininki in buga ta da sunanki, in ta yarda ka bata 'yar takarda mai layi uku ta kai gida a sa hannu, wadda ta faɗi inda za a buga da sunan da za a saka. In mujallar ta fito ka bata kwafi biyu, ɗaya nata ɗaya na gida.